Ka Daɗe a Kan Uwar Umar

Ɗana, kai da ke babbar sakandare a Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, matso mu yi magana a kan darasin adabi. Idan malaminku ya kawo muku Shaihu Umar, ɗan littafin nan na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ya fito a 1934, na san inda hankalinku ke tafiya: jigo, salo, sunayen taurari, da abin da ake sa ran zai fito a NECO. Ku haddace, ba laifi. Amma ina so ka daɗe a kan uwar Umar.

An sace mata yaro yana ƙarami. Mace ita kaɗai, ba dangin iya ba na baba a hanya, ta bi sawunsa har ita ma aka sayar da ita, ta ƙetare hamada cikin bauta. Allah ya nufa ta gan shi ya zama mutum, ba ta jima ba ta cika. Wani ɗalibin a wani gari zai karanta wannan a matsayin labarin zamanin da ya shuɗe. Kai kuwa ka san matan da suka sayar da awaki da gona, suka bi dangi gida-gida ana haɗa kuɗin fansa. Wataƙila ma ɗaya daga cikinsu goggonka ce, da ta taso daga ƙauye da ƙullin kaya a ka, yanzu tana kwana a ɗakin mahaifiyarka.

To, ya kake da ita? Kana durƙusawa ka gaishe ta da safe, ko kuwa fuska kake haɗewa don tuwon dare ya ragu? Ka dubi hannun mahaifiyarka, tukunyar mutum shida take rabawa goma sha biyu ba tare da ta ce uffan ba. Ɗauki jarka ka ɗebo ruwa tun ba a aike ka ba.

Ga kuma 'ya'yan goggon. Tun Satumban 2021, lokacin da aka rufe makarantun Zamfara, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako, akwai yaran ƙauye da ba su sake ganin allon aji ba. Kai da ka iya karatu, bashi ne a wuyanka. Bayan isha'i shimfiɗa tabarma, kunna tocila, ka karanta musu shafi biyu, ka sa ƙaramin ya nuna maka baƙaƙen da ya gane.

Abin da nake jiye maka tsoro shi ne ka ajiye littafi ka hau acaɓa da sunan taimakon gida. Tausayi ne ya ja ka, na sani, kuma wani gidan ba shi da zaɓi. In naku da sauran hali, yi aikinka Asabar da Lahadi, ka miƙa wa mahaifinka abin da ya samu, Litinin kuma a gan ka a aji kafin a kaɗa ƙararrawa.