Tsofaffin Kaya da Amanar Cewa "Ban Sani Ba"

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa idan dattijo ya riga mu gidan gaskiya, magada suka taru aka buɗe adakarsa domin rabon gado, akan tarar da waɗansu kayayyaki da babu wanda ya san sunansu a cikin samarin gidan. Ga wani ɗan ƙarfe da ƙanƙarar dutse a cikin jakar fata, ga ɗan siririn tsinke mai dunƙulen yumɓu a gindi, ga ƙwaryar wuri, ga wani farin tsaba mai hoton mace, ga kuma ɗan kwanon tagulla da ba ya cin hatsin kirki. Na farko ƙyastu ne da ake kunna wuta da shi kafin zuwan ashana, na biyu mazari ne na kaɗi. Sauran ukun kuwa akwai hukuncin shari'a rataye da su. To, shin sanin irin waɗannan kaya yana cikin abin da ya kamata Musulmi ya damu da shi, ko kuwa ɓata lokaci ne a kan abin da zamani ya binne?

Mai ganin ɓata lokaci ne yana da hujjarsa. Zai ce duniya gidan wucewa ce, ba za a tambayi kowa sunan mazari a kabari ba, kuma tara tarkace na iya zama wani nau'i na son duniya. Wannan magana gaskiya ce gwargwadon inda ta tsaya, amma ba ta game dukkan abin da ke cikin adakar ba. Dalili kuwa shi ne, shari'a ta sauko a cikin mutane masu awo da ciniki, ta kuma ɗaura waɗansu farillai a kan ma'aunan da suke hannunsu a lokacin. Zakkar fid-da-kai sa'i ɗaya ce, sa'i kuwa mudu huɗu ne da mudun Annabi (SAW). Nisabin hatsi wusuƙi biyar ne, kowane wusuƙi sa'i 60, watau sa'i 300 ke nan. Nisabin zinariya miskali 20 ne, na azurfa dirhami 200, abin da malaman wannan zamani suka ƙiyasta da kimanin giram 85 na zinariya da giram 595 na azurfa. Wanda bai san mudu da miskali ba, yaya zai san ya sauke farilla? Ɗan kwanon tagullan nan da aka raina, mai yiwuwa da shi marigayin yake awon zakkar gidansa kowace ƙaramar salla.

An ruwaito cewa Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya zo Madina yana kan ra'ayin mutanen Iraƙi cewa sa'i riɗili takwas ne, alhali Imamu Malik da mutanen Madina suna kan biyar da sulusi. Sai dattawan Madina, jikokin Muhajirai da Ansaru, suka zo masa da sa'o'in da suka gada a gidajensu, kowa yana ba da labari daga ubansa, daga kakansa, cewa da wannan ake awo a zamanin Manzon Allah. Da ya auna ya ga biyar da sulusi ne, sai ya bar ra'ayinsa ya koma ga nasu. A nan tsohon kayan gida ne ya raba gardamar manyan malamai. Da jikokin nan sun ce tarkace ne suka zubar, da hujja ta tafi tare da shara. Saboda haka ne ma mutanen Magrib suka riƙa ƙera mudun tagulla suna zana masa salsala a jiki, cewa an gwada shi da mudun wane, shi kuma da na wane, kamar yadda ake jero isnadin hadisi.

Amma fa ajiye abu daban, faɗin gaskiya a kansa daban. Nan ne wurin da yawancin mutane suke zamewa. Da zarar an ɗaga baƙon abu a cikin taro aka ce mene ne wannan, da wuya a rasa wanda zai yi farat ya ba da amsa, don kada a ce bai sani ba. Farin tsaban nan mai hoton mace misali ne. Liyari ne, kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya, hoton kuwa na sarauniyarsu Mariya Tereza ne, fatake suka riƙa shigo da shi ƙasar Hausa. A jikinsa an rubuta 1780. Mai gaggawa zai rantse cewa a shekarar aka buga shi, alhali kuwa shekarar mutuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga shi da wannan lamba ɗaya har bayan shekaru fiye da ɗari. Wani kuma zai ce dalma ce ta wasan yara, alhali nauyinsa kimanin giram 28 ne, kashi biyar cikin shida nasa azurfa ce tsantsa. Na farko ya yi wa tarihi ƙarya, na biyu kuwa yana iya jawo a miƙa wa wani yaro abin da yake haƙƙin marayu ne, a raba gado ba tare da an sa shi cikin lissafi ba. Kalma ɗaya da aka faɗa bisa zato ta cinye dukiyar da Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani a kanta.

Aya ta 36 cikin Suratul Isra'i ta hana mutum bin abin da ba shi da saninsa, ta kuma nuna cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Hanin bai keɓanta ga fatawa kaɗai ba. An ruwaito an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba a idon Madina. Idan malamin Gidan Hijira bai ji kunyar wannan kalma ba, me zai sa ta yi wa mai ƙaramin sani nauyi a kan ɗan ƙarfen da ya tsinta a adaka? Wanda ya saba ƙirƙirar labari a kan ƙyastu, harshensa ya riga ya koyi hanyar ƙirƙira a kan abin da ya fi ƙyastu girma.

Akwai kuma zamewa ta uku, wadda ta fi sauran haɗari. Abin da aka jahilci asalinsa, zuciya takan cika shi da tsoro ko da fata. Wuri dai ƙwanson wata dabbar teku ce da ake kwasowa daga tsibiran Maldib a Tekun Indiya, kakanni suka yi ciniki da shi. Kalmar kuɗi ma jam'insa ce. Baturen nan Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500, wuri 20,000 kuma shi ne keso. Daga baya anini da kwabo da sule suka ture shi, su ma naira ta ture su a 1973. To, da ciniki ya bar wuri, sai bokaye suka riƙe shi, har yaron yau ya ɗauka kayan tsafi ne tun asali, wani ya gudu daga gare shi, wani ya rataya shi don neman tsari. Sanin asalinsa shi ke mayar da shi matsayinsa: ba ya cutarwa, ba ya amfanarwa. Sayyidina Umar, da ya ji mutane suna zuwa salla gindin itaciyar da ake cewa a nan aka yi Mubaya'ar Ridwan, an ruwaito ya sa aka sare ta, don gudun kada girmama wuri ya zarce iyaka. Shi ne kuwa ya kafa wa Musulmi ƙirgen shekara daga Hijira, saboda haka ba tarihi yake ƙi ba.

Abin da ya dace ga magada ke nan: kada a zubar da abu ko a kyautar kafin a san shi, kada kuma a yanke masa suna da zato. A kai shi ga tsofaffin unguwa tun suna da rai, ƙarfe a nuna wa maƙeri, azurfa a aunata wurin maƙerin fari, takardun da ke cikin gafaka a kai wa malamin da ya iya karatun ajami, domin a cikinsu akan sami wasiyya ko shaidar bashi, waɗanda biyansu ke gaba da rabon gado. Abin da ya gagara, ma'aikatan gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano sun saba da irinsa. Wanda aka tambaya kuma ya faɗi iyakar abin da ya sani, ya ce daga wa ya ji, inda saninsa ya ƙare ya ce bai sani ba.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya tsare harsuna daga faɗin abin da ba su sani ba. Allah Shi ne Mafi sani.