Kaya Ba Sa Loda Kansu

Ku 'yan dako da direbobin manyan motoci, ku ma'aikatan jinya da malaman makaranta, ku masu walda da teloli da masu tura kura, maganar nan taku ce. Kun sha ganin hotunan Gaza a waya. Kun yi salati, kun yi addu'a, wasunku sun share hawaye, sannan aka mayar da waya aljihu ana cewa a zuci: ni kuma a wa? Mai fafutukar cefanen yau, me zai iya game da abin da ya gagari shugabannin duniya? Akwai amsa, kuma mutane irinku ne suka riga suka bayar da ita.

Zirin Gaza ɗan siririn fili ne a bakin Bahar Rum, tsawonsa kilomita 41, kuma mutum sama da miliyan 2 ne a cikinsa. Tun 2007, bayan Hamas ta karɓe iko da shi, Isra'ila ta yi masa ƙawanya ta ƙasa da sama da ruwa, Masar kuma ta riƙe ƙofar Rafah, yau a buɗe gobe a rufe. Filin jirgin saman da aka buɗe a 1998 an ragargaza shi cikin 'yan shekaru. Masuncin da yarjejeniyar Oslo ta ba damar shiga teku har mil 20, sau da yawa mil 3 kacal aka riƙa barinsa. Mai ciwon daji sai ya nemi takardar izini kafin ya fita neman magani, kuma akwai waɗanda suka rasu suna jiran takardar. Mutanen Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙonni sun ɗanɗana wani abu na wannan daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar: motoci sun yi jerin gwano, kaya sun lalace, magani ya yi tsada, 'yan'uwa sun kasa zuwa jana'izar juna cikin sauƙi. Wata bakwai da ɗoriya ke nan, kuma akwai hanyoyin daji. Gaza ta fi shekara 18 a haka, babu daji, babu ɓarauniyar hanyar da talaka zai bi ya dawo lafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake tafiyar da ƙawanyar daga kan tebur. A 2012 wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Isra'ila mai suna Gisha ta yi nasara a kotu, aka tilasta wa gwamnati fitar da wata takarda ta 2008. A cikinta jami'ai sun zauna sun lissafa abincin da mutumin Gaza yake buƙata a rana don kada yunwa ta kayar da shi, kalori 2,279, suka mayar da lissafin zuwa adadin motocin da za a bari su shiga. An yi lokacin da taliya ma ba ta cikin abin da aka yarda ya wuce. Isra'ila tana cewa tsaro ne dalilinta, kuma harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200 aka kuma yi garkuwa da kusan 250, babu mai imani da zai yi murna da jinin farar hula da aka zubar a cikinsa. Amma hukunta al'umma baki ɗaya saboda laifin wasu haramun ne a Yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949. Daga 2 ga Maris 2025 an hana shigar da komai, ko buhun fulawa, na kusan mako 11. Ranar 22 ga Agusta na shekarar, ƙwararrun da Majalisar Ɗinkin Duniya take dogaro da su suka tabbatar da cewa yunwa mai kisa ta auku a birnin Gaza da kewayensa, alhali motocin abinci suna tsaye a bakin iyaka.

To ku lura da kyau. Ƙawanya aiki ce da ake yi da hannu. Akwai mai lissafi, akwai mai buga hatimi, akwai mai ƙera harsashi, akwai mai ɗaure shi a kwantena, akwai mai ɗaga kwantenar ya ɗora a jirgi. Janar bai taɓa loda jirgi ba. Minista bai san yadda ake tuƙa motar ɗaga kaya ba. Ranar da mai lodi ya naɗe hannu, umarnin manya yakan tsaya a takarda.

An yi hakan, ba sau ɗaya ba. A Fabrairun 2009, bayan yaƙin da aka yi wa Gaza a lokacin, ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Daban a Afirka ta Kudu, 'yan ƙungiyar SATAWU, suka ƙi sauke kayan wani jirgi da ya taso daga Isra'ila. Sun san abin da suke yi, domin su ma an taɓa tsaya musu haka. A 1984 takwarorinsu na San Faransisko a Amurka sun yi kwana 11 suna ƙin taɓa kayan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, kuma da Nelson Mandela ya fito daga kurkuku ya je Okland a 1990, ya miƙe a gaban dubban jama'a ya gode musu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana. Leburan Daban ya ji ciwon masuncin Gaza ba tare da sun taɓa haɗuwa ba.

Ranar 16 ga Oktoba 2023 ƙungiyoyin ƙwadagon Falasɗinu suka aika kira ga ma'aikatan duniya cewa kada su ƙera makaman da za a kai Isra'ila, kada kuma su ɗauke su. Ƙungiyoyin sufuri na Beljiyam suka amsa. 'Yan tashar Basalona suka amsa. A Oktoban 2024 'yan tashar Firiyos ta Girka suka tare kwantenar harsasai. A Yunin 2025, a tashar Fos kusa da Marsai ta Faransa, 'yan ƙungiyar CGT suka gano kwantenar da ke ɗauke da ƙarafunan harhaɗa harsasan manyan bindigogi, suka ajiye ta gefe, jirgi ya tashi babu ita. A Jenowa ta Italiya talakawan gari sun tara kimanin tan 300 na abinci cikin 'yan kwanaki domin ayarin ƙananan jiragen ruwan da suka nufi Gaza, 'yan tasha kuma suka yi alkawarin cewa idan aka taɓa ayarin za su tsayar da komai. Da sojojin Isra'ila suka kama jiragen a farkon Oktoba, aka cika alkawari: ranar 3 ga wata ma'aikatan Italiya suka shiga yajin aikin gama-gari, jiragen ƙasa suka tsaya, makarantu suka rufe, tituna suka cika. Waɗannan mutane suna biyan haya, suna da 'ya'ya a makaranta, kuma an yanke musu albashin ranar.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Iyayenmu sun yi tun kafin a haifi da yawa daga cikin waɗancan. A 1976 Najeriya ta kafa asusun tallafa wa mutanen kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa ba da kashi 2 cikin ɗari na albashinsu, ɗalibai suka haƙura da abincin rana domin su saka nasu. Malamin firamare a Gumel da masinja a Sakkwato ba su taɓa ganin Soweto ba, amma kuɗinsu ya je. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauka mulkin wariya ba zai taɓa faɗuwa ba. A 1994 Mandela ya zama shugaban ƙasa, kuma ƙasar tasa ce ta kai Isra'ila ƙara Kotun Duniya a Disamban 2023.

Ku kuma tuna cewa waɗanda suke riƙe da ran Gaza a ciki ma'aikata ne irinku. Masu gasa burodi da suke hura wuta da katakon rusassun gidaje. Direbobin tankar ruwa. Malaman da suke koyar da yara a tanti. Likitoci irin su Hussam Abu Safiya na asibitin Kamal Adwan, wanda ya ƙi barin marasa lafiyarsa har aka kama shi a Disamban 2024. Ranar 23 ga Maris 2025 an kashe ma'aikatan ceto 15 a Rafah, suna cikin motocin asibiti da na kashe gobara, fitilunsu a kunne, aka binne su tare da motocin. Hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, ita kaɗai ta rasa ma'aikata sama da 300. Duk nas ɗin da ta taɓa yin aikin dare da fitilar waya saboda an ɗauke wuta ta san wani ɓangare na halin da abokan aikinta suke ciki, sai dai su ana jefa musu bam a kan rufi. Akwai Musulmi a cikin mamatan, akwai Kiristocin da aka kashe suna fake a cocin Saint Porfiriyos. Akwai kuma Yahudawa a cikin waɗanda suka hau jiragen agaji aka kama su. Saboda haka kada ku bari kowa ya mayar muku da wannan magana ta ƙin wani addini ko ta faɗa da maƙwabci. A taron ƙungiya Musa da Bitrus benci ɗaya suke zama, kuma tare za su ɗaga hannu.

Tsagaita wutar 10 ga Oktoba 2025 ta rage ruwan bama-bamai, bayan hukumomin lafiyar Gaza sun ƙirga gawa sama da 67,000. Makullan ƙofofin kuwa suna hannun waɗanda suka rufe su. Irin wannan lokaci ne hankalin duniya yake komawa wani wuri, kuma a nan ne ake buƙatar masu juriya, waɗanda suka saba tashi da asuba ko ana sanyi ko ana ruwa.

Kuna da abin da ya fi kuɗi, wato tsari. Kuna da reshe, da shugaba, da ma'aji, da ranar taro. Mutanen da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru ba a ci amanar kowa ba, sun iya haɗa gidauniya. A taron reshe na gaba, idan sakatare ya gama karanta ajanda ya tambaya ko akwai ƙarin magana, ka ɗaga hannu. Ka nemi a tsayar da abin da kowa zai iya bayarwa duk wata, ko naira ɗari biyu ce ko dala ashirin ta sefa, ba tare da an kunyata wanda bai samu ba. Ka nemi reshe ya rubuta wa uwar ƙungiya, NLC ce ko TUC ko ƙungiyoyin ƙwadagon Nijar, cewa ta fito ta yi magana, ta kuma matsa wa gwamnati, tunda Najeriya da Nijar sun amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988. 'Yan'uwanmu na tashoshin Apapa da Fatakwal da Tema su riƙa tambayar abin da ke cikin kwantenar da suke ɗagawa da inda za ta.

Kuɗin da aka tara kuma a kula da shi, domin 'yan damfara sun iya saka hoton yaro mai yunwa su liƙa lambar asusunsu a ƙasa. A tura ta hannun waɗanda aka san suna aiki a cikin Gaza: UNRWA, ko ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta Falasɗinu, ko likitocin MSF, waɗanda mutanen Katsina da Zamfara da Maraɗi suka riga suka ga aikinsu da idonsu. A naɗa mutum uku su riƙe lissafi, a karɓo shaidar biya, a karanta ta da ƙarfi a gaban kowa a taron wata mai zuwa, sannan a sake zagayawa da faranti.