Kuɗin Gyaran Rufi: Nawa Ne ko na Gidan?

A watan Nuwamban bara yayana ya kira ni daga Zariya. Bayan mun gaisa ya ce an sa ranar auren ƙanwarmu, kayan ɗaki kuma ba su kammala ba, ko akwai abin da zan ƙara a kan wanda na riga na aika? Na ce, "Yaya, a halin yanzu babu." Muka yi sallama. A lokacin kuwa akwai fam 4,300 a wani asusu da na ware domin gyaran gida. Daren nan barci ya ƙaurace mini, ina ta tambayar kaina: ƙarya na yi wa ɗan'uwana, ko kuwa kuɗin da ma ba nawa ba ne?

Gidan da muke ciki a Lids, arewacin Ingila, an gina shi wajen shekarar 1900. Irin jerin gidajen nan ne na jan bulo da ke manne da juna. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san su, domin kusan ɗaya cikin biyar na gidajen Ingila an gina su ne kafin 1919. Bangonsu cike yake, babu ratar iska a tsakiya kamar ginin zamani, kuma da farar ƙasa aka ɗaura bulon, wadda ke barin danshi ya fita. Rufin fale-falen dutse ne da kan haura shekara ɗari, amma ƙusoshin da ke riƙe da su sukan yi tsatsa tun kafin nan, sai dutsen ya fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Namu ya kai wannan matsayi. Mai gyara ya hau ya duba, ya ce ɓangaren baya ba zai wuce hunturu biyu ba.

Ni injiniyan gadoji ne, kuma abu na farko da aikin ya koya mini shi ne gini yakan fara cin kansa tun ranar da aka gama shi. Ɗauki tukunyar ɗumama gida, wadda kan yi shekara 10 zuwa 15. Idan an saye ta fam 2,400 ta yi shekara 12, to kowace shekara ka ci fam 200 daga jikinta, ko ka ajiye kuɗin ko ba ka ajiye ba. Haka rufi yake, haka tagogi da wayoyin lantarki. Shi ya sa masu gidaje suka saba ware kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar gida a kowace shekara, tsohon gida kuma ya kan buƙaci fiye da haka. Inshora ba ta biyan abin da tsufa ya lalata. Ta wannan fuska, abin da ke cikin asusun nan bashi ne da muka riga muka ci a tsawon shekarun da muka kwana ƙarƙashin rufin, ranar biya ce kawai ba ta zo ba.

Da wannan hujja na so in wanke kaina, amma ba ta wanke ni duka ba. Kuɗin suna hannuna, ina da ikon fitar da su a kowane lokaci. Ko wajen zakka, idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, cikin dukiyata ake lissafa su, ba a cewa ai na rufi ne. Saboda haka kalmar "babu" ba gaskiya ba ce. Akwai kuma wata hujja mai nauyi a ɓangaren yayana: mutum ya fi dutse. Rufin zai iya kai wani hunturun, auren kuwa sau ɗaya ne, kuma waɗanda ke neman taimakon su ne suka yi ɗawainiyar karatuna har na zo nan. Wane irin mutum ne zai fifita bulo a kan ƙanwarsa?

Na daɗe ina juya wannan tambaya kafin in gane inda ta karkace. Ta ɗauka cewa idan aka jinkirta gyara, bulo ne ke shan wahala. Bulo ba ya jin komai. Gyaran da aka jinkirta mutum yake faɗawa, sai dai sau da yawa ba wanda ya jinkirta ɗin ba.

Na ga haka da idona. Wata shida bayan mun tare, fentin ɗakin yara ya fara kumbura. Da na ɓamɓare shi na tarar da bango jiƙe sharkaf, baƙar fumfuna ta kama shi. Magudanar ruwan rufi ce ta toshe da ganye shekara da shekaru, ruwa na kwarara a jikin bango. An kuma liƙe tsakanin bulon da siminti, wanda ya kulle danshin a ciki, sannan aka shafa sabon fenti kafin a sa gidan a kasuwa. Aikin da tsani da awa ɗaya za su gama a kowace kaka ya zama aikin dubban fam, kuma wanda ya ƙi yin sa bai biya ko kwabo ba. Mu muka biya, ɗiyata kuma ta biya da tarin da ta sha fama da shi a hunturun. Abin ba wasa ba ne: a shekarar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale, bincike kuma ya tabbatar fumfunar gidan hayar da suke ciki ce sanadi. A jerin gidaje irin namu har maƙwabci yana da haƙƙi, domin bango ɗaya muke rabawa, danshin da na bari a ɓangarena ba ya neman izini kafin ya shiga ɗakinsa.

Ashe zaɓin da ke gabana tsakanin mutane ne da mutane. Ga ƙanwata da ke iya kira ta faɗi buƙatarta, ga kuma waɗanda ba su san ma ana yanke hukunci a kansu ba: 'ya'yana, maƙwabciyata, da wanda zai zauna a gidan bayan mu. Mu da ke ƙasashen waje mun saba amsa muryar da ta fi kusa da kunnenmu, mu bar haƙƙin da ba ya magana. Kyautar da aka yi da kuɗin gyara takan jawo godiya nan take, amma wani ne zai cika gurbinta ba da saninsa ba.

Duk da haka ban yarda asusun ya zama abin da ba a taɓawa ko ana mutuwa ba. Da kiran na asibiti ne, da a daren zan kwashe kuɗin, in sa bokiti a ƙarƙashin yoyo in jira. Rai yana gaba da rufi. Ma'aunin da na tsaya a kai shi ne wanne ne zai ƙara muni idan aka jira. Kayan ɗaki ana iya cika su bayan biki ba tare da sun ƙara tsada ƙwarai ba. Ruwa kuwa idan ya sami hanya sai ya ruɓar da katakon rufi, ya sauko da silin, kuɗin gyara ya ninka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bayan kwana biyu na kira yayana. Na ce, "Yaya, rannan na faɗa maka abin da ba daidai ba. Kuɗi akwai, amma na rufi ne." Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi shiru, sannan ya tuna mini yadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya barin damina ta faɗi bai sa an yi wa soro yaɓe an gyara indararo ba, ko da kuwa a shekarar ba a ɗinka mana kayan salla biyu ba. Ya ce da tun farko haka na faɗa, da bai kwana yana tunanin ko na fara ƙosawa da su ba. Nan na gane cewa ƙin bayarwar bai yi masa ciwo kamar ɓoyewar ba.

Muka shirya zan riƙa aika wani abu daga albashina har wata huɗu. An yi biki lafiya. A watan Afrilu aka sauke fale-falen ɓangaren baya aka mayar da sababbin ƙusoshi. Asusun ya koma kusan wofi, na kuma fara zuba masa daga farko, domin tagogin gaba sun fara nuna alama. Yanzu idan aka kira daga gida nakan faɗi abin da ke akwai da abin da aka ajiye shi dominsa, sannan mu auna tare.