Matso Ciki, Gidanku Ne

Karatu: 2 Sama'ila 9

Ɗan'uwa, akwai masu zama cikin gidansu kamar baƙi. Ko a majami'a bakin ƙofa suke raɓewa, in an miƙa musu hannu sai su sunkuyar da kai. Na sha ganinsu, har da dattawan da suka daɗe da yin baftisma.

Mefiboshet ɗan Jonatan yana da shekara 5 mai renonsa ta sunkuce shi a guje, ya faɗi, ya gurgunce. Jikan sarki ne, amma ga shi a Lodebar, a gidan Makir, yana cin arzikin wani. Da Dawuda ya aika aka kawo shi, ya faɗi rubda ciki, ya kira kansa mataccen kare. Dawuda bai tsaya gardama da shi ba. Ya mayar masa da gonakin kakansa Saul, ya ce kullum tare za su ci abinci, albarkacin Jonatan. Ƙafafun kuwa ba su warke ba. Da gurguntakarsa ya zauna a Urushalima kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki.

Kai ma albarkacin Yesu aka kira ka.

Addu'a: Ya Uba, ka cire mini kunyar zama a wurin da ka ba ni. Amin.