Wa Ya Nemi Yardar Mai Gida? Tsokaci Kan Jiragen Sama Da Gidajen Da Ke Ƙarƙashinsu

Akwai wata tambaya da masu nazarin ɗa'a da halin ɗan Adam suka daɗe suna kai-kawo a kanta, watau ko ya halatta jama'a su ɗora wa wani mutum haɗari saboda amfanin da su za su samu, alhali kuwa ba a nemi yardarsa ba. Tambayar tana da faɗi ƙwarai, domin ta shafi mai gina madatsar ruwa, da mai kafa masana'anta, har da mai buɗe gidan mai a tsakiyar unguwa. Amma a wannan ɗan rubutu ina so in taƙaita ta ga abu guda, shi ne jirgin sama da mutanen da yake bi ta kan rufin ɗakunansu, domin a nan ne bambanci ya fi fitowa fili tsakanin wanda ya ɗauki kasada da kansa da wanda aka ɗaukar masa.

Bari mu fara da abin da ya auku a Kano ranar Asabar, 4 ga Mayu, 2002. Wani jirgin fasinja na kamfanin EAS, ƙirar BAC 1-11, ya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zai tafi Legas. A lokacin ana gyaran babban titin da jirage ke tashi a kai, saboda haka sai ya bi ta ƙaramin. Rana ta take, ga zafin bazara, kuma masana sun ce iska mai zafi ba ta da kauri, ba ta tallafar jirgi kamar mai sanyi, don haka yakan bukaci doguwar tazara kafin ya ɗaga. Jirgin nan ya cinye titin duka ya zarce cikin turɓaya, injunansa suka shaƙi ƙura, ya ɗaga da ƙyar, bai yi wani nisa ba ya rikito a unguwar Gwammaja. Bisa ga rahoton masu bincike mutum 103 suka rasu, 73 a cikin jirgin, 30 a ƙasa. A cikin fasinjojin har da Ministan Wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku.

To, mai karatu, waɗannan talatin ɗin su ne abin maganata. Ba wai ran fasinja ya gaza nasu daraja ba, ko kusa. Sai dai fasinja ya yanki tikiti, ya taka matakala da ƙafarsa, ya san cewa sama zai hau, kuma shi ne zai amfana da saurin tafiyar. Mutumin Gwammaja fa? Yana cikin gidansa, wurin da kowane mahaluki ke ganin ya fi ko'ina aminci, kuma ba mamaki har ya bar duniya bai taɓa leƙa cikin jirgi ba. Amfanin na wasu ne, asarar ta faɗo kansa. Abin lura ma, a wannan unguwa ta Gwammaja ne gidan Mambayya yake, gidan Malam Aminu Kano, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman haƙƙin talaka, wanda kuma filin jirgin ke ɗauke da sunansa.

Amsa ta farko da za ka ji idan ka ta da wannan zance a zaure ita ce ƙaddara. Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado yake sai ya tafi. Babu musu a kan haka. Amma yarda da ƙaddara ba ta taɓa sauke alhaki daga wuyan mai sakaci ba. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantun zaure sun san hukuncin da ke cikinta, cewa mahayin dabba, da mai jan ta, da mai kora ta, su ke da lamunin abin da ta tattake. Malaman da suka yanke wannan hukunci ba su kasa mu imani da ƙaddara ba. Sun dai gane cewa wanda ya shigo da abu mai ƙarfi cikin mutane, shi ke da nauyin tsare su daga gare shi. Idan haka abin yake ga doki da raƙumi, ina ga ƙarfen da ke ɗauke da tan-tan na mai?

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ya kamata a saurare ta da adalci. Masu ita suna cewa ai filin ne ya riga gidajen zuwa. Lokacin da aka fara zirga-zirga a filin jirgin Kano a 1936, yana can bayan gari ne, cikin gonaki. Gari ne ya yi ta rarrafe har ya iske shi. Saboda haka, in ji su, wanda ya ga filin jirgi da idonsa kuma ya je ya kafa tubali a gindinsa, ai ya yarda ke nan, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

A ganina wannan hujja tana da raunuka. Da fari dai, jirgi ba a bakin shinge kaɗai yake faɗuwa ba. Gwammaja ba ta manne da filin jirgi, unguwa ce mai cunkoso a gefen Dala. Haka nan jirgin Dana da ya faɗi ranar 3 ga Yuni, 2012, ya hallaka mutum 153 da ke cikinsa da wasu a ƙasa, a unguwar Iju-Ishaga ya faɗo, kafin ya kai filin jirgin Legas. Haɗari ya fi yawa a lokacin tashi da lokacin sauka, kuma hanyar da jirgi ke bi a waɗannan lokuta ta miƙe daga bakin titi zuwa kilomitoci da dama. Wannan hanya ba ta da alama a ƙasa. Matuƙi ya san ta, hukuma ta san ta, mai sayen fuloti bai san ta ba, dillali kuwa ko ya sani ba zai faɗa ba. Ta yaya za a ce mutum ya yarda da abin da ba a nuna masa ba?

Sa'an nan kuma, tun daga Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna ne a matsayin amana. Babu unguwar da ke tsirowa dare ɗaya kamar naman kaza. Akwai wanda ya auna, akwai wanda ya sa hannu, ko kuwa akwai wanda ya ga ana gini ya kau da kai. Hukumar da ta ba da takarda, ta ja wuta, ta karɓi haraji, ba ta da bakin cewa ba da saninta aka zauna ba. Daɗin daɗawa, wa ke zama a irin waɗannan wurare? Mai hali yakan sayi fili inda ransa ke so. Talaka kuwa inda kuɗinsa ya kai nan yake tsayawa, kuma wurin da ƙara ta dama shi ya fi araha. Zaɓin da babu ta tilasta, da wuya a kira shi yarda.

Kada a ɗauka ina kiran a rufe filayen jirgi ne. Da jirgi ake kai alhazai, da shi ake kai marar lafiya, da shi ake fatauci, kuma tafiya a cikinsa ta fi tafiya a mota aminci nesa ba kusa ba. Wannan larura ce, kuma saboda larura al'umma takan iya ɗora wa wasu 'ya'yanta wani ɗan nauyi. Amma nauyin bashi ne a kanta. Bayan haɗarin Gwammaja Gwamnatin Tarayya ta dakatar da jirage ƙirar BAC 1-11, ta kuma sa iyakar shekara 22 ga jiragen fasinja. Mataki ne mai kyau, sai dai jirgin ya shafa. Bashin mutanen ƙasa ya haɗa da a bayyana musu hanyar jirgi, a hana cunkoso a bakinta tun kafin a yi gini, wanda kuma ya zama dole ya tashi a biya shi diyyar da za ta sama masa wani muhalli.

Yanzu mu juya ga wasan nuna gwaninta da jiragen sama, inda matuƙa ke wulƙitawa da juyi da tsagawa tsakanin juna don burge 'yan kallo. Nan fa hujjar larura ta faɗi, domin babu wanda za a kai asibiti, babu wanda zai sauke farali. Nishaɗi ne da nuna ƙarfin ƙasa. Ba na raina nishaɗi. Mu da muke cika filin Kangiwa ranar hawan salla don kallon sukuwar dawaki a Ƙofar Soro ba mu da bakin zargin wani da son kallo. Amma a dubi yadda ake yin namu: an san ranar, an san hanyar, dogarai suna buɗe fili, wanda ya ji tsoro ya zauna gida, kuma dokin ba zai bi shi har ɗaka ba.

Turawa sun sayi darasin wannan wasa da tsada. A Fanboro ta Ingila a 1952 wani jirgi ya tarwatse a sama, ɓaraguzansa suka kashe 'yan kallo 29. A Ramstein ta Jamus a 1988 jiragen sojan Italiya uku suka yi karo, ɗaya ya afka cikin taro, mutum 70 suka mutu. Daga irin waɗannan ne aka tsaurara dokoki, aka sa tazara tsakanin jirgi da taro, aka hana yin juyi ana fuskantar jama'a. Sai dai idan aka nisanta jirgi daga 'yan kallo, ai kan wasu aka matsar da shi. Wannan shi ne abin da ya bayyana a Shoram, ita ma a Ingila, ranar 22 ga Agusta, 2015, sa'ad da wani tsohon jirgin yaƙi ya kasa kammala juyinsa ya faɗa kan babbar hanyar mota a wajen filin wasan. Mutum 11 suka mutu, dukkansu a wajen filin, wasunsu masu wucewa ne kawai zuwa harkokinsu. Waɗanda suka biya kuɗin kallo ba abin da ya same su.

Mu ma a nan gida an taɓa rutsawa da ƙyar. Ranar 28 ga Satumba, 2018, jiragen yaƙi biyu na Sojan Saman Nijeriya suka gogi juna a sararin Abuja suna gwajin wasan bikin cikar ƙasa shekara 58 da samun 'yanci. Suka faɗo a wajen dutsen Katamfe, matuƙi ɗaya, Bello Baba-Ari, ya rasa ransa. Allah ya kiyaye ba su faɗa kan gidaje ba. Matuƙin soja ya ɗauki rantsuwa, ya san aikin da ya shiga, kuma muna girmama shi a kan haka. Matar da ke tuya a bakin titi ba ta ɗauki rantsuwar komai ba. Saboda haka ra'ayina a nan ba shi da sassauci: wasan da ba larura ba bai cancanci ran ko mutum ɗaya da bai zo kallo ba, kuma in za a yi shi, a yi shi inda babu kowa a ƙasa, gwajinsa ma haka.

Abin da ya sa na ga zancen ya shafe mu a Katsina shi ne, tun da aka ƙirƙiri jiha a 1987 birnin ke ta tumbatsa. Duk wanda ya fita ta Ƙofar Kwaya ya ga yadda gonakin jiya suka zama unguwanni, ganuwa ta koma tsakiyar gari. Irin wannan rarrafe ba ya zaɓen shiyya, kuma filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa yana nan gabas da birni, 'yan kilomitoci kaɗan. Matsayin da Kano take a kai shekaru da dama da suka wuce, shi muke kai yau, da bambanci guda: mu mun ga Gwammaja. Hana gini a fili yana bukatar taswira da turaku da jami'in da ba ya karɓar na goro. Tayar da unguwa bayan ta kafu kuwa yana bukatar diyyar da gwamnati za ta ce ba ta da ita, da rusau, da kuka, da shari'a. A cikinmu ɗalibai akwai waɗanda gobe za su zauna a ofishin safiyo da na tsara birni, kuma takardun waɗannan fulotai ta kan teburinsu za su bi.