Ka Duba Ɗakin da Tsohonka Yake Kwana

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Markus 7:9-13, 1 Timoti 5:1-8
Ayar haddacewa: Fitowa 20:12



A cikin dokokin da Allah ya ba Isra'ila ta bakin Musa akwai wata 'yar gajeriya wadda ba a cika yin wa'azi a kanta ba. Ta shafi gini ne. Gidajen mutanen Isra'ila masu shimfiɗaɗɗen rufi ne kamar sorayenmu, kuma mutane sukan hau bisa su yi shanya, su sha iska, su kwana, su yi addu'a. Bisa rufi Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asirin nan biyu, bisa rufi kuma Bitrus yake addu'a a Yafa sa'ad da ya ga wahayi. Saboda haka Ubangiji ya umarta cewa duk wanda ya gina sabon gida, lalle ya kewaye bakin rufin da 'yar katanga, irin wadda maginanmu suke kira rawani. Idan bai yi ba, har wani ya faɗo ya mutu, alhakin jinin yana kan gidan.

Ka lura da kyau. Mai gidan bai tura kowa ba, bai yi nufin mugunta ba. Laifinsa shi ne ya san akwai haɗari, yana da ikon karewa, ya bar shi haka. Yanzu ka ajiye wannan doka kusa da doka ta biyar, wadda ta ce mu girmama uba da uwa. Idan Allah ya kula da baƙon da zai hau rufin gidanka, yaya zai ga ɗakin da mahaifiyarka, ko kakanka, ko gwaggonka da ba ta da ɗa, take kwana a ciki yau?

Kowane lokaci na shekara da irin haɗarinsa ga tsoho. Da damina, ɗakin ƙasa da ya yi shekaru ba a yi masa yaɓe ba yakan sha ruwa daga tushe. Gara ta ci azara, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, da tsakar dare sai rufi ya rufto. A daminar 2024 fiye da mutum 300 suka rasu a Nijar saboda ambaliya da rushewar gidaje, mutum fiye da miliyan ɗaya kuma abin ya shafa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wahala. A shekarar 2024 ɗin Chadi da arewacin Kamaru su ma sun ga irin wannan masifa. Saurayi yakan ji ƙarar bango ya yi tsalle ya fita. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi, gwiwarsa ta riƙe, ba ya iya haka.

Da hunturu, tsohuwa takan shiga da kaskon gawayi ɗaki, ta toshe ƙofa da taga saboda sanyi. Gawayin da yake ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba a ganinta, ba ta kuma da wari, mutum yakan wuce daga barci zuwa mutuwa bai farka ba. Ko kuwa gefen zane ya taɓa garwashi. Da bazara, ɗakin kwano marar taga yakan zama kamar tanda, tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, sai jikinsa ya bushe bai sani ba. Akwai kuma haɗarin kullum: dokin ƙofa mai tsawo, bakin masai da ya zaizaye, rijiya ba murfi, duhu tsakanin ɗaki da bayan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 684,000 ne faɗuwa take kashewa kowace shekara, mafi yawansu kuma waɗanda suka wuce shekara 60. Littafi Mai Tsarki ma ya ba mu labarin Eli firist, mai shekara 98, wanda idonsa ya dushe, ya faɗo daga kujera wuyansa ya karye.

Wataƙila za ka ce, “Ai ina aika kuɗi kowane wata, ina kuma yi musu addu'a.” Madalla, kada ka fasa. Amma ka karanta Markus 7 a hankali. A can Yesu ya tsauta wa Farisiyawa domin sun koya wa mutane wata dabara: mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe shi ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta. Yesu ya kira wannan soke maganar Allah. Ba ya karɓar ibadar da aka mai da ita mafaka don a guje wa iyaye. Mutum yana iya zama na farko wajen ba da gudummawar ginin majami'a, sunansa ya fito a gaban jama'a, alhali ɗakin uwarsa yana yoyo a kan gadonta. Manzo Bulus ya faɗa wa Timoti cewa mai bi da ya ƙi kula da mutanen gidansa ya yi musun bangaskiyarsa, marar bi ma ya fi shi. Magana ce mai nauyi, kuma ga masu zuwa sujada aka rubuta ta.

To, me za ka yi?

Da fari, ka je ka gani da idonka. Gani ya kori ji. Tsofaffinmu in ka kira su a waya, amsarsu ɗaya ce, “Lafiya lau, sai godiya.” Ba sa so su ɗora wa 'ya'yansu nauyi, wasu kuma kunya ce take hana su. Kada ka tsaya a zaure ko a gindin bishiya inda aka shimfiɗa maka tabarma. Ka nemi izini ka shiga ɗakin. Ka ɗaga kai ka dubi azara, ka duba tushen bango ko ya jiƙe, ko akwai tsaga. Ka buɗe randa ka ga ruwan da ake sha. Ka bi hanyar da yake bi zuwa bayan gida da dare. Ka duba ko akwai hatsi, da wanda yake dafawa. In zai yiwu ka kwana, domin dare yana nuna abin da rana take ɓoyewa. Idan kana ci-rani a Abijan, ko Kumasi, ko Legas, ba ka da halin zuwa yanzu, ka roƙi wani amintacce, fasto ko dattijon ikkilisiya ko maƙwabci, ya shiga ya duba ya faɗa maka gaskiya.

Na biyu, ka yi magana da ladabi. Bulus ya ce kada a yi wa dattijo tsawa, a roƙe shi kamar uba, tsohuwa kuma kamar uwa. Ɗakin da kake gani kango, shi ne ɗakin da ya gina da ƙarfinsa, a nan aka haife ku, a nan matarsa ta cika. In ka shigo da faɗa kana cewa, “Baba, wannan wane irin zama ne?” ka rufe ƙofar magana. Ka zauna ƙasa, ka tambaye shi abin da ya fi damunsa, ka saurara. Sa'an nan ka ce, “Baba, hankalina ba ya kwanciya in hadari ya taso. Ka yarda mu kira magini ya duba kafin ruwa ya sauka.” Ka bar shi ya zaɓi abin da yake iya zaɓa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana tsofaffi biyu, ɗaya ya tashi, ɗaya ya zauna. Yakubu yana da shekara 130 sa'ad da yunwa ta hana zaman Kan'ana, da sauran shekara 5 kuma kafin ta wuce. Yusufu bai aika masa umarni kawai ba. Ya aika da kekunan ɗaukarsa da guzuri, ya shirya masa wuri a Goshen inda zai ci gaba da zama da iyalinsa da dabbobinsa, ya fita ya tarye shi, daga baya kuma ya rantse masa cewa zai binne shi a kabarin kakanninsa. Yakubu ya ƙara shekara 17 cikin kwanciyar rai. Barzillai kuwa, mutumin Gileyad mai shekara 80, shi ne ya ciyar da sarki Dawuda lokacin tawayen Absalom. Dawuda ya so ya ɗauke shi zuwa Urushalima ya kula da shi, amma tsohon ya roƙa a bar shi ya ƙarasa kwanakinsa a garinsu, kusa da kabarin iyayensa. Dawuda bai tilasta shi ba, ya sa masa albarka ya sallame shi.

Daga nan za ka ga hanya biyu. Idan tsohonka yana cikin hankalinsa, yana so ya zauna a gidansa, ka girmama zaɓinsa, ka kai masa lafiyar can inda yake. A yi yaɓe, a sauya azara, a buɗe indararo, a rage tsawon dokin ƙofa, a rufe rijiya, a gyara masai, a kafa sandar dafawa. A saya masa fitila mai aiki da hasken rana da bargo mai kauri, a fitar da kaskon wuta kafin a kwanta. A sami jika ko wani ɗan dangi ya riƙa kwana kusa. Yawancin waɗannan ba su kai kuɗin rigar Kirsimeti ba. Idan kuwa bango ya riga ya karkata, ko ruwa yana shiga unguwar kowace shekara, ko tsohon ba ya iya tashi shi kaɗai, to lokacin Goshen ya yi. Ka shirya masa wuri tukuna, ka bar shi ya ɗauki kayansa da ya saba da su, ko da za a ce zaman damina ne kawai.

Na uku, ka nemi taimako, kada kunya ta hana ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tara 'yan'uwanka maza da mata, a raba aikin a fili: wane zai kawo kuɗi, wane zai tsaya kan magini, wace za ta riƙa leƙawa. Kada a bar wa mace ɗaya, 'ya ko suruka, dukan nauyin har ta gaji ta fara fushi da tsohon. Idan dangi sun kasa, ka faɗa wa dattawan ikkilisiya. A Ayyukan Manzanni 6, da aka kawo ƙarar cewa ana manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi shiru ba, sun sa an zaɓi mutum 7 don wannan hidima. Matasan ikkilisiya suna iya kwaɓa ƙasa su yi yaɓe cikin yini ɗaya, zumuntar mata kuma ta tsara ziyara. Ka kai tsohon asibiti a duba idonsa da hawan jini, domin yanar ido ana cire ta da ɗan aiki, mutum ya sake gani. Ubangijinmu kansa, yana bisa gicciye, bai bar mahaifiyarsa haka ba. Ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, shi kuwa ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a.

Akwai wurare biyu da ba a jira. Na ɗaya, idan tsohuwa ta fara manta wuta a murhu, tana fita da dare tana ɓata, tana magana ba kan gado. Wannan gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, kuma zunubi ne a tsangwame ta saboda shi. Kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta wurin likita. Na biyu, idan wani a gidan yana dukan tsoho, ko yana kulle shi, ko yana cinye abin da ake aiko masa. Rufa wa irin wannan asiri tarayya ce cikin laifin. Ka faɗa wa manyan dangi da mai unguwa, in ba a daina ba a kai wa hukuma.

Wani mai karatu zai ce a zuciyarsa, “Wannan tsohon bai riƙe ni ba,” ko kuwa, “Ya kore ni ranar da na bi Almasihu.” Allah ya san wannan ciwo, bai kuma raina shi ba. Amma doka ta biyar ba ta zo da sharaɗi ba. Almasihu ya mutu dominmu tun muna masu zunubi, bai jira mu cancanta ba. Mai yiwuwa rufin da za ka gyara ya faɗa wa mahaifinka abin da bakinka ya kasa faɗa masa shekara da shekaru.

Abin tunani: Wane tsoho ne a danginka ko a ikkilisiyarku wanda ba ka taɓa shiga ɗakinsa ba? Wane abu ɗaya za ka yi a wannan mako, kuma wa za ka kira ya taimake ka?

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, kai ne kake ɗauke da mu tun daga ciki har zuwa furfura. Ka buɗe idanunmu mu ga halin da iyayenmu da kakanninmu suke ciki. Ka ba mu harshe mai laushi, da hannu mai aiki, da tawali'un neman taimako. Ka tsare tsofaffin da ba su da kowa, ka sa ikkilisiyarka ta zama danginsu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.