Shin Jadawali Zai Iya Ɗaukar Zuciyar Mutum?

A shekarar 1961 wani masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram, ya fara wani gwaji. Akan zaunar da mutum gaban na'ura, a umarce shi ya jona wa wani wutar lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa, a na ƙara mata ƙarfi. Wutar ta bogi ce, wanda ake jona wa kuma aktin ya ke yi, amma mai danna maɓallin bai sani ba.

Da sakamakon ya fito a 1963, jadawali ya nuna cewa cikin maza 40, guda 26 sun bi umarni har zuwa bolt 450. Wato kashi 65 cikin ɗari. Wannan adadi ya zaga duniya, har ya zama hujjar masu cewa ɗan'adam rago ne a gaban mai iko.

To amma mai karatu, gaskiyar ke nan duka? Milgram ya sake gwajin ta sigogi da dama. Da aka haɗa mai danna maɓallin da abokan aiki biyu waɗanda su ka ce atafau ba za su ci gaba ba, mutum 4 kacal cikin 40 su ka kai ƙarshe. Wanda ya nuna maka jadawalin farko ya ɓoye na biyu bai ƙirƙiri adadi ba, amma ya yaudare ka. Aikin edita ya yi: ya zaɓi sin ɗin da ya ke so, ya yanke saura.

Sannan akwai abin da lamba ba ta ɗauka. Milgram ya rubuta cewa mutanen sun yi ta gumi, jiki na rawa, wasu na dariyar ruɗewa. Fim ɗin sa na 1965, Obedience, ya nuna irin fuskokin. A jadawali kuwa, wanda ya danna hankali kwance da wanda ya danna zuciyar sa na ƙuna duk layi ɗaya su ke.

Ba wai a watsar da jadawali da zanen ƙididdiga ba ne. In babu su, kowa sai ya yi ta faɗin son ran sa ya kira shi bincike. Sai dai amana ce a wuyan mai zana su, kamar kyamara a hannun darakta. Mu kuma da aka nuna mana, haƙƙin mu ne mu tambaya: mutum nawa aka gwada, a wane hali, kuma me aka yanke?